Dokta Solomon Fuller, Likitan da Ya Binciki Gigin Tsufa

A hutun damina na bara na koma gida Sabon Birni. Ina ajiye akwatina sai na shiga ɗakin kakata domin in gaishe ta. Tun ina ƙarami ba ta kirana da wani suna sai ango, ni kuma in ce mata amarya. In ta tambaye ni kuɗin cefane, in ce ta yi haƙuri sai kaka ta yi. Ran nan kuwa da na durƙusa sai ta zuba mini ido, ta daɗe tana dubana, sa'an nan ta kira ni da sunan ƙanenta, wanda ya rasu tun ba a haifi mahaifina ba. Ta tambaye ni ko na shayar da jaki. Na yi dariya, ina tsammani wasan da muka saba ne. Sai da na dubi fuskar goggona na gane babu wasa a ciki.

Da dare goggo ta ba ni labari. Abin ya fara ne da 'yar mantuwa. Inna ta ajiye goro ta manta inda ta sa shi, ko ta ci tuwo ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Bayan da rashin zaman lafiya ya tashe mu daga ƙauyenmu muka dawo cikin gari, sai abin ya ci tura. Kullum la'asar sai ta ƙulle 'yan tsummokaranta ta ce za ta tafi gida. Wata rana har an tsinto ta a kan hanyar Isa, ba takalmi. Wannan ita ce matar da duk ƙauyenmu ba wanda ya kai ta iya kaɗi, amma yanzu in an ba ta mazari sai ta yi ta juya shi ba ta san abin da ake yi da shi ba. Maƙwabta kuwa kowa da abin da yake faɗi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne. Akwai ma waɗanda suka hana 'ya'yansu zuwa ƙofar gidanmu, ba sai na faɗi abin da suke zato ba. Masu tausayi suka ce gigin tsufa ne kawai, sai haƙuri.

Da aka koma makaranta na kasa fid da abin daga raina, sai na tafi wurin malaminmu na ilmin halittu. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya bayyana mini cewa irin wannan mantuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da suna, kuma likitoci sun fi shekara ɗari suna bincikensa. Ya ƙara da wata magana da ta ba ni mamaki, wato ɗaya daga cikin likitocin farko da suka yi wannan bincike haifaffen Afirka ta Yamma ne, baƙar fata kamarmu. Daga ranar na shiga neman labarinsa. Abin da na samu shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sunansa Solomon Carter Fuller. An haife shi a Monrobiya, babban birnin Laberiya, a watan Agusta na 1872. Kakansa na wajen uba, John Lewis Fuller, bawa ne a jihar Bajiniya ta Amurka, kuma baduku ne mai ɗinkin takalma. Ya yi ta tara ɗan abin da yake samu har ya fanshi kansa, ya fanshi matarsa. Wanda ya ji labarin murgu a bakin tsofaffinmu ya san irin wahalar da ke cikin wannan. A 1852 suka shiga jirgin ruwa suka ƙaura zuwa Laberiya, ƙasar da aka kafa domin 'yantattun bayi daga Amurka. Mahaifin Solomon ya zama manomin kofi kuma ma'aikacin gwamnati. Iyayen mahaifiyarsa kuwa likitocin mishan ne. Ita uwar ce ta buɗe 'yar makaranta ta fara koyar da ɗanta tare da yaran unguwa. Saboda haka yaron ya tashi yana jin labarin bauta ta wajen uba, yana jin labarin magani ta wajen uwa.

A 1889, yana ɗan shekara 17, ya ƙetare teku zuwa ƙasar da aka bautar da kakansa, domin neman ilmi. Ya shiga Kwalejin Livingstone, wadda baƙar fata suka kafa wa 'ya'yansu a jihar Karolina ta Arewa, ya gama a 1893. Daga nan ya fara karatun likita a birnin New York, ya ƙarasa a Jami'ar Boston, inda ya sami takardar shaidar likita a 1897. Ku tuna fa, a lokacin shekara 32 ke nan kacal da hana bauta a Amurka. A kudancin ƙasar baƙar fata ba ya shiga makaranta ɗaya da farar fata, ba ya kwanciya asibiti ɗaya da shi.

Aikinsa na farko a asibitin masu taɓin hankali na Westborough ne, kusa da Boston. A can ya zaɓi wani aiki da yawancin likitoci ba su so, wato binciken gawa domin a gane abin da ya kashe mutum. Idan majinyaci ya rasu, sai ya ciro ƙwaƙwalwar, ya taurara ta da magani, ya yanka ta sala-sala fiye da siraran takarda, ya rina ta, ya ɗora a ƙarƙashin madubin likita. Abin da yake nema shi ne ko akwai wata alama a cikin naman ƙwaƙwalwa da za ta nuna dalilin ruɗewar da aka gani a mutumin yana da rai. A 1899 aka naɗa shi mai kula da wannan sashe na asibitin, kuma a shekarar ya fara koyarwa a Jami'ar Boston.

A wancan zamani ƙasar Jamus ce kan gaba wajen ilmin ƙwaƙwalwa. A birnin Munik akwai babban asibitin jami'a wanda Emil Kraepelin ke shugabanta, mai kula da ɗakin bincike kuwa shi ne Dokta Alois Alzheimer. A 1904 Alzheimer ya ɗauki likitoci biyar daga ƙasashen waje domin su yi aiki tare da shi. Fuller na cikinsu. Ya zauna a can har 1905, yana koyon sababbin hanyoyin rina ƙwaƙwalwa waɗanda ke fito da siraran jijiyoyinta a fili.

A nan ya kamata in ɗan tsaya in faɗi labarin ciwon da kansa. A 1901 aka kawo wa Alzheimer wata mata mai suna Auguste Deter a asibitin Frankfurt, tana da shekara 51. Ta manta abubuwa, ta ruɗe, ba ta gane inda take. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga abu biyu. Na farko wasu ɗigo-ɗigo ne da suka taru tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Likitocin lokacin sun raɗa musu suna daga kalmar Latin mai nufin gero, domin a madubi sun yi musu kama da ƙwayar gero da aka watsa. Na biyu kuwa wasu zaruruwa ne da suka cuɗe a cikin ƙwayoyin, kamar zaren da ya kuɓuce daga mazari ya sarƙe. Yau an san cewa wasu sinadaran jiki ne guda biyu ke lalacewa su taru haka, su kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma sun fi farawa daga sashen da ke ajiye sabon abu. Shi ya sa Inna ke manta tuwon da ta ci ɗazu, amma tana tuna jakin gidansu na shekara saba'in. A 1910 Kraepelin ya sa wa ciwon sunan Alzheimer, sunan da ake kiransa da shi har yau.

Fuller ya koma Westborough da idon da ya san abin da zai nema. A 1907 ya buga bincikensa a kan zaruruwan ƙwaƙwalwar masu ciwo iri-iri, har da masu gigin tsufa. A 1911 ya buga wani a kan ɗigon nan mai kama da gero a ƙwaƙwalwar tsofaffi. A 1912 kuwa ya yi aikin da ya fi shahara da shi. Ya tattara labarin duk majinyatan da aka taɓa bayyana suna da ciwon Alzheimer a duniya, ya juya rahoton Alzheimer daga Jamusanci zuwa Ingilishi, ya ƙara da labarin wani majinyaci nasa, wanda shi ne na tara da aka rubuta. Wannan ne cikakken bayani na farko a kan ciwon da harshen Ingilishi. Bai kuma karɓi kowace magana ido rufe ba. Likitoci da yawa a lokacin sun ɗauka taurin jijiyoyin jini ne ke haddasa ɗigon, shi kuwa abin da ya gani a madubi bai nuna masa haka ba, ya kuma faɗa.

A 1909 ya auri Meta Vaux Warrick, gwanar sassaƙa da ginin siffofi wadda ta yi karatu a Faransa. Suka gina gida a garin Framingham. Wasu maƙwabta farar fata suka rubuta takarda suna neman a hana su zama a unguwar. Ba su tashi ba. A gidan suka haifi 'ya'ya maza uku, a gidan kuma ya riƙa ganin majinyata, baƙi da farare.

To, yanzu na zo kan abin da ya fi taɓa ni a rayuwarsa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya baƙar fatar Amurka fiye da 350,000 ne suka shiga soja. Da yawa sun dawo da ciwo a jiki da kuma a ƙwaƙwalwa, ga shi asibitocin kudu ba su karɓarsu yadda ya kamata. Sai gwamnati ta gina musu asibiti nasu a garin Tuskegee, jihar Alabama, aka buɗe shi a 1923. Nan da nan rigima ta tashi a kan su wa za su riƙe asibitin. Turawan garin suka ce su ne, har 'yan ƙungiyar ƙin baƙar fata suka yi jerin gwano domin tsoratarwa. Hujjarsu ita ce wai babu likitoci baƙar fata da suka ƙware a ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya. Gaskiya ne ba su da yawa, amma dalili shi ne an toshe musu ƙofar koyo. Ka hana mutum shiga gulbi, sa'an nan ka ce bai iya iyo ba.

Fuller ya amsa wannan magana da aiki. Ya ɗauki wasu samari baƙar fata da suka gama karatun likita, ya zaunar da su a Boston, ya koya musu yadda ake duba mai ciwon jijiya, da yadda ake sauraron mai ruɗewa, da yadda ake karanta ƙwaƙwalwa a madubi. Ya mai da hankali ƙwarai a kan tunjere, domin in wannan ciwo ya daɗe a jiki yakan hau ƙwaƙwalwa, mutum ya canza hali, ya riƙa mantuwa ko faɗa. Likitan da bai sani ba, ko wanda tun farko ya raina majinyacin, sai ya rubuta cewa sojan mugun hali gare shi. Shi ke nan an sallame shi ba magani, ba fansho. Almajiran Fuller sun tafi Tuskegee sun san yadda za su rarrabe ciwo da hali. A cikinsu akwai George Branche, wanda ya yi suna wajen maganin tunjeren ƙwaƙwalwa, da Toussaint Tildon, wanda ya zama shugaban asibitin a 1946. Tun 1924 asibitin ya koma hannun baƙar fata, kuma ya zama wurin da wasu likitocin suka yi ta koyon wannan fanni shekara da shekaru. Kun ga, 'yan samari kaɗan aka koya wa, amma dubban sojoji ne suka amfana.

Shi malamin nasu fa? A 1919 ya bar Westborough ya koma koyarwa sosai a Jami'ar Boston. Ana biyansa ƙasa da abin da ake biyan takwarorinsa farar fata. Daga 1928 zuwa 1933 shi ke riƙe da sashen ciwon jijiya, yana yin aikin shugaba ba tare da an ba shi sarautar ba. A 1933 aka ɗauko wani farar fata da ke ƙasa da shi aka ɗora a kan kujerar. Sai Fuller ya ajiye aiki, bayan shekara 34 yana koyarwa a wurin. Ya ci gaba da ganin majinyata a gidansa har ciwon sukari ya makantar da shi wajen 1944. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana leƙen madubi, ga shi ido ya tafi. Ya rasu ran 16 ga Janairu, 1953, yana da shekara 80. Sai bayan ransa aka fara ba shi girman da ya cancanta. A 1974 aka sa sunansa a wata cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa a Boston. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tana ba da lambar yabo da sunansa, kuma a Framingham, garin da aka so a kore su, akwai makarantar da ke ɗauke da sunansa da na matarsa.

Wani zai ce, to, ina ruwan ɗan Sabon Birni ko ɗan Isa da labarin Boston? Ruwanmu babba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da ciwon mantuwa iri-iri, fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, wato irin namu. Ciwon Alzheimer shi ne ya fi yawa a ciki, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Amma yawancin binciken da aka yi, a kan Turawa aka yi shi. Da aka fara duba namu mutanen kuwa, an ga abin mamaki. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa na Amurka suka fara gwada tsofaffin Yarabawa na Ibadan da tsofaffin baƙar fata na birnin Indianapolis, duk 'yan shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da aka buga a 1995 ya nuna wajen mutum 2 cikin ɗari ne ke da ciwon mantuwa a Ibadan, a Indianapolis kuwa wajen 8. Wannan ya sa masana suka ƙara mai da hankali a kan abinci, da hawan jini, da irin zaman da mutum ke yi. Da ba a sami likitocin Ibadan da suka san harshen mutanensu ba, da ba a gano haka ba. Sai da suka tsara tambayoyin da suka dace da wanda bai yi boko ba, suka kuma riƙa tambayar dangin da ke zaune da tsohon.

Ku duba wannan da kyau. Yadda likita ke gane ciwon mantuwa, da magana yake farawa. In aka tambayi Inna yau nawa ga watan Bature, ko tana da ƙuruciyarta ba za ta amsa ba, domin ba ta taɓa lissafi da shi ba. Amma in aka tambaye ta wace rana kasuwa ke ci, ko wata nawa ya rage azumi, ko ta jero sunayen jikokinta, nan za a gane abin da ya rage da abin da ya tafi. Wa zai san ya yi irin wannan tambaya, in ba wanda ya tashi a cikinmu ba? Wa zai zauna da maƙwabta ya bayyana musu da Hausar da suke ji cewa tsohuwar da ke yawo da dare tana sambatu majinyaciya ce? Yadda aka yi wa sojojin Tuskegee mummunar fahimta, haka ake yi wa tsofaffinmu. Maganin da Fuller ya kawo shi ne a koya wa 'ya'yan mutanen da abin ya shafa.

Ƙofar da aka rufe wa almajiransa, mu ba a rufe mana ita ba. A jiharmu akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta a Sakkwato, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware. Abin da ya tsare mu shi ne talauci, da rashin zaman lafiya da ya hana yara da yawa zuwa makaranta, da kuma raina wannan fanni. In ka ce za ka zama likita kowa ya yi murna, in ka ce likitan ƙwaƙwalwa sai a ce ka rasa abin yi. Ba kuwa likita kaɗai ake bukata ba. Ana bukatar masu jinya, da masu aikin ɗakin gwaji, da masu ƙididdiga, da masu shiga ƙauyuka suna tambayar tsofaffi. Ina roƙon iyayenmu, musamman a kan 'yan'uwanmu mata, su bar su su yi nisa da karatu, domin mata ne ke jinyar tsofaffi a gidajenmu, kuma tsohuwa ta fi sakin jiki da mace 'yar'uwarta.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ciwon Alzheimer ba. Duk da haka kai tsoho asibiti ba ɓata lokaci ba ne, domin wata ruɗewar daga wani ciwo daban take wanda ake iya magancewa, kuma kula da hawan jini da ciwon sukari tun da wuri yana rage haɗarin. Mu dai a gida mun canza yadda muke zama da Inna. Mun daina yi mata gardama. In ta ƙulle kayanta da la'asar, ƙanwata takan riƙe hannunta su zaga bayan gida su dawo, sai hankalinta ya kwanta. Mun gaya wa masu shaguna na bakin hanya, in sun gan ta su tsai da ita da lalama su aiko. Na kuma zauna da yaran unguwa na ba su labarin ɗigon nan mai kama da gero, yanzu wasunsu har sukan shigo su gaishe ta.

Ranar da zan dawo makaranta na shiga yi mata sallama. Ta sake kirana da sunan ƙanenta, na amsa. Ta tambayi jaki, na ce ya sha ruwa ya ƙoshi. Ta yi murmushi, ta kwance bakin zanenta ta ba ni rabin goro. Ban sani ba ko za ta sake kirana ango. Amma na san darussan da zan dage a kansu a bana, wato ilmin halittu, da ilmin sinadarai, da lissafi. In cikin ajinmu aka sami ko da mutum uku da za su bi wannan hanya, to, tsofaffin ƙasar Gobir za su sami masu jin maganarsu. Allah ya ba mu sa'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.